Furar da Basiratu Ke Kaiwa Gona

Kowace safiya ta daminar nan, kafin Basiratu ta nufi gona da ƙwaryar fura, sai ƙwaryar ta fara biyawa ta hannun Baushe, yayan mijinta. Yana zaune a ƙofar zaure, ƙafa ɗaya a miƙe saboda wani ciwon gwiwa da ba ya tashi sai lokacin noma. Zai ɗaga faifan, ya ɓare ƙwaya biyu daga takardarsu, ya murƙushe su da gindin ludayi, ya juya, ya ce bismillahi. Wannan bismillar ita ta fi komai ci wa Basiratu rai.

Taramol ne, kowa a ƙauyen ya san sunansa, amma a gidan marigayi Ɗanjimma ba a kiransa da shi. Maganin gajiya ake cewa, sai ka ce sake wa kunama suna yana rage mata dafi. Baushe ke sayar da shi a ƙarƙashin teburinsa na ranar kasuwa, tsakanin ashana da batir, don haka ko gishiri ya yanke a gidan, shi ba ya yankewa.

Wanda ake dama wa furar shi ne Nafi'u, mijin Basiratu, autan gidan. Gandunsu babba ne ko a ƙasar Kurfai, maza huɗu ke nome shi a da. Biyu sun tafi cirani Libiya, sai dai a ji muryarsu a waya ran salla. Baushe kuwa ga gwiwa. Saura Nafi'u shi kaɗai da hauya, ga baki goma sha huɗu na jiran geron. In ƙwayar ta shiga, yakan kama noma tun hantsi bai ɗaga ba, har la'asar bai nemi inuwa ba. Masu wucewa su tsaya su ce lallai Ɗanjimma ya bar namiji. Baushe ya gyara zama ya karɓe yabon kamar shi ya yi zufar.

Ita Basiratu da ke ɗaki ɗaya da namijin, wani abu daban take gani. Tuwo ya daina shiga, loma biyu sai ya ture akushin. Wuyansa da damatsansa duk sawun farce saboda susa. Yakan yi kwana huɗu bai zaga ba. Mutumin da ke ɗora 'yarsu Latifa a ƙirji yana yi mata kukan akuya har ta shaƙe da dariya, yanzu kukanta kaɗai ya isa ya sa shi ficewa yana tsaki. Kafin a gama noman farko ƙwaya biyu sun daina yi masa komai. Baushe ya mai da su uku, ya kuma bar mai koriyar takarda ya koma mai ja, wadda ta fi ƙarfi. Abin da bai sani ba, ko ya ƙi ya sani, shi ne Nafi'u ya fara sayen nasa a ɓoye wurin mai shayi, yana haɗiya tun kafin furar ta iso.

Wata Talata Basiratu ta yi abin da take gani dabara ce. Ta kwashe ƙwayoyin da ke aljihun rigarsa ta jefa a masai. Furar Baushe kuma ta zubar da ita a gindin kalgo, ta shiga wurin maƙwabciyarta Hassana ta damo wata. Kafin magariba Nafi'u ya fara hamma ba ƙaƙƙautawa, hawaye da majina suna zuba, zufa ta jiƙe masa riga alhali yana rawar ɗari. Cikinsa ya ruɗe. Washegari ko tsayuwa ya kasa, yana juyi a tabarma yana cewa ƙasusuwansa ake sara.

Baushe ya leƙo ɗakin, ya dubi ƙanensa, ya dube ta.

"Kin gani ko? Kin hana mashi magani, ga ciwo ya taso. Ke ka son kashe shi, ba ni ba."

Abin da ido ke gani yana bayan Baushe. Da hannunta ta miƙa wa mijinta ruwan da ya haɗiye ƙwayar. Ba a yi awa guda ba ya miƙe, ya saɓa hauya ya fita. Ta zauna a bakin gado ta yi kuka mai isarta. Tsoro ne da kunya suka haɗu mata, ta gane abin ya riga ya kama shi, ta kuma gane cewa yanzu har da hannunta a ciki.

Ana cikin maimai, wato noma na biyu, ya fara faɗuwa. A gabanta aka yi, ta sauke ƙwarya ke nan. Ya saki hauya, jikinsa ya sandare, ya kife tsakanin geron yana shure-shure, kumfa da jini na fita a bakinsa don ya ciji harshe. Ihunta ya jawo maƙwabtan gona suka ɗauko shi zuwa gida. Da ya farfaɗo bai san me ya faru ba, sai tambaya yake wa ya kawo shi.

Inna Tambara, mahaifiyarsu, ba ta yi dogon tunani ba. Ta ce Doguwar gidan ce, iskar da suka gada. Kakan yaran nan duk shekara sai ya yanka mata jar akuya, amma tun da jikokinsa suka san hanyar masallaci aka yi watsi da ita, shekara goma sha biyu ke nan, to ga shi ta zo karɓar haƙƙinta a jikin auta. Basiratu ta zuba wa Baushe ido tana jiran ya yi faɗa. Shi ne fa mutumin sahun farko, shi ya rantse ba za a ƙara jin goge a gidan ubansa ba yana da rai. Sai ga shi yana gyaɗa kai, yana cewa abin da tsofaffi suka hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ba imaninsa ne ya yi rauni ba, lissafi ya yi. Iska ba ta jawo jandarma, wato jami'an tsaro, gida, kuma ba wanda zai tambaya a teburin wa aka sayo ta.

Aka aika aka ɗauko Dijatu, tsohuwar da ke riƙe da borin yankin, ta zo da mai gogenta. Ba ta bari ya ja tsirkiyar ba. Ta durƙusa gaban Nafi'u, ta buɗa idonsa da yatsa, ta dubi sawun farcen da ke wuyansa, ta tambaye shi yaushe rabonsa da barci mai daɗi. Sannan ta miƙe tana kaɗe zaninta.

"Tambara, wagga ba tamu ta ba. Namu in sun hau mutum magana suka yi, su hwaɗi abin da suka so a ba su. Wanga ƙwaya ta tak kada shi. Shi na na biyar da na gani bana. Ku kai shi likita Hilinge tun da sauran shi."

Basiratu ta ji kamar ta rungume tsohuwar. Amma Baushe ya raka Dijatu har bakin hanya da goro da godiya, ya dawo ya sa aka kayar da jar akuyar, aka raba nama gida-gida. Kafin la'asar duk ƙauyen ya ji cewa iska ce ta taɓa autan Ɗanjimma, an kuma sallame ta. Washegari ƙwaryar ta sake biyawa ta zaure.

A makon ne bijimin gidan ya kwanta. Shi ke jan amalanken da ke kai kayan Baushe kasuwanni, kuma shi ma ana murƙushe masa ƙwayar a dusa don kada ya gaji a yashi. Ya ƙi ciyawa, yana makyarkyata. Ranar Baushe ya manta da gwiwa, da ƙafarsa ya taka ya nemo likitan dabbobi. Likitan ya yi masa faɗa sosai, ya ce a daina ba shi wannan guba, kuma kada a ɗora masa karkiya sai ya yi wata guda. Baushe bai yi musu ko kalma ɗaya ba. Aka ɗaure bijimi a inuwa, ana kai masa harawa da ruwan kanwa, maigida da kansa ke duba shi safe da yamma. Basiratu takan wuce ta gabansa da ƙwaryar mijinta a ka, kuma ba ta taɓa zaton za ta yi wa dabba hassada ba sai a wannan makon.

Ranar da ta kai Latifa allurar rigakafi Filinge, ta jira har layi ya ƙare, sannan ta koma wurin majon asibitin, wata ma'aikaciyar jinya mai suna Habsa, ta ce tana da tambaya game da mijin wata ƙawarta. Habsa ta ajiye biro ta ce ta faɗi, mijin ƙawa take gani kusan kullum. Da Basiratu ta gama, majon ba ta yi mata wa'azi ba. Ta ce ciwo ne, kuma ana warkewa, ta ga waɗanda suka warke suka koma gonakinsu. Amma ba a yanke shi rana ɗaya, a hankali ake ragewa a gaban ma'aikacin lafiya, tare da maganin da zai sassauta wahalar, kuma mutum yana bukatar ya ajiye aiki ya huta na 'yan makonni. Faɗuwar nan kuwa gargaɗi ce, jikin ya kai maƙura.

Sannan ta riƙe hannun Basiratu ta ce ta saurara da kyau. In ta ga ya kwanta ana tashinsa ba ya tashi, yana wani minshari mai gurnani, numfashi yana jinkiri, leɓɓa sun yi duhu, to ba barci ba ne. Ta kwantar da shi a gefe ɗaya. Kada a ɗura masa komai, ko ruwa, balle nonon da mutane ke cewa yana kashe guba, don huhu zai tafi. In numfashin ya tsaya ta toshe hancinsa ta hura masa a baki. A kawo shi nan take, akwai allurar da ke dawo da numfashi in an zo da wuri. Basiratu ta maimaita maganar a ranta tun daga Filinge har gida don kada ko ɗaya ta zube.

A gona ta gaya wa Nafi'u, suna zaune a inuwar aduwa. Ta zaci zai yi fushi. Sai ya dubi tafin hannunsa.

"Ni ma na gaji, Basira," ya ce. "In ban sha ba mutuwa nika ji, in na sha kuma ban san kaina ba. Jiya ɗiyar ga ta miƙo mani hannu, na ji ba ni son ta taɓa ni. Wane irin uba na wanga?"

Bayan sallar Juma'a ya tari yayansa da maganar, Basiratu na ji daga bayan danga. Baushe bai ɗaga murya ba, ai bai taɓa ƙin ƙanensa ba. Ya ce gero ba ya jiran mai ciwo, in ciyawa ta rufe shi yanzu me yaran gidan za su ci da rani? Ya ce rabin samarin Kurfai da shi suke noma, wa ya mutu? Ya ce masu farar riga ba su da aiki sai tsorata talaka, kuma in aka je za su rubuta suna, su tambayi inda ake samu, daga nan sai jandarmomi. Ya ce a bari a gama maimai, shi da kansa zai kai shi. Inna Tambara ta ɗora nata: 'yar Baushe ta fari an fara kawo gaisuwarta, wa zai nemi aure a gidan da aka ce akwai ɗan ƙwaya? Iska kuwa ba abin kunya ba ce, gado ce. Nafi'u ya ce to. Duk rayuwarsa bai iya ce wa yayansa wani abu ba sai to.

Don a gama maimai da wuri, Baushe ya kira gayya. Samari kusan ashirin suka amsa, har da mai ganga. A al'ada ɗan gida ne ke jan layi, shi ne a gaba, kuma abin gori ne baƙo ya wuce shi a gonar ubansa. Nafi'u ya san haka, ya kuma san yadda ƙafafunsa suka koma. Da sassafe Basiratu ta gan shi ya juya mata baya ya watsa wani abu a baki. Da ta je ɗaukar furarsa, ta tarar da Inna Tambara tsaye a kan ƙwaryar tana rufe faifai da sauri. Ta ga farin gari a gefen ludayin. Ta buɗe baki, sai ta tuna ranar Talatar nan da abin da aka ce mata, ta rufe. Ta ɗauka ta kai.

Da azahar mata suka ɗauko tuwon gayya zuwa gona. Tun daga nesa Basiratu ta ga ba mijinta ne a gaban layi ba. Samarin suka tare ta da dariya, suka ce gwarzonta ya yi noman mutum uku, sannan ya je ya miƙe a gindin aduwa tun rana ba ta kai tsaka ba, ga shi can yana minshari kamar injin niƙa, sun ce a ƙyale shi ya huta. Ta dire tuwon ta ruga.

Yana kwance rigingine, baki a buɗe. Ta girgiza shi, ta kira shi da sunan da ba ta taɓa faɗa a gaban mutane ba, bai motsa ba. Leɓɓansa sun yi duhu. Zai ja numfashi ɗaya da gurnani, sai shiru, sai ta zaci shi ke nan, sannan wani ya zo. Ta juya shi a gefe kamar yadda aka koya mata, ta nufi Baushe da ke zaune kusa da tukunyar shayi. Ta durƙusa ta ce a ɗaura bijimi, a kai shi Filinge yanzu. Babur dai an hana hawansa a yankin tun da aka fara tashin hankali, amalanke kaɗai ya rage musu.

Baushe ya dubi samarin da suka fara tsayawa, ya rage murya.

"Bijimi bai cika watan da likita yac ce ba. Kuma ki dubi jama'a. A ɗauke shi gaban su kamar gawa, gobe mi za a ce? Bari gayya ta watse, in kira mai motar kasuwa."

"Yaya, ba shi kai la'asar."

"Ke likita ta? Barci na shika yi."

Ta miƙe. Ta je wurin Garba, mijin Hassana, wanda amalankensa na jaki ya kawo durom ɗin ruwa. Garba ya dubi Baushe, ya dubi ƙasa, don ba ƙaramin abu ba ne ka ɗauki ɗan wani gida maigidan na cewa a'a. Ta ce masa in ba zai je ba ya ba ta jakin ta kora da kanta. Sai ya jefar da hauyarsa. Jakin yana can ƙarshen gona a turke, kafin su kamo shi su ɗaura, su sauke durom, lokaci ya ƙara tafiya.

Da suka iso gindin aduwar, Inna Tambara ta riga ta mai da shi rigingine, ta ɗora kansa a cinyarta, tana ɗura masa nono da ludayi tana kuka tana kiran autana, autana. Nonon yana fita ta hanci. Basiratu ta doke ludayin daga hannun surukarta, abin da ko a mafarki ba ta taɓa yi ba, ta kifa shi a gefe ta sa yatsa ta kwashe abin da ke bakinsa. Yanzu numfashin har da wani kurkur a ƙirji.

Tafiyar awa biyu ce a amalanken jaki, ga yashi, ga taɓon ruwan shekaranjiya. Garba yana dukan jaki yana salati. Ita tana durƙushe a baya, hannu ɗaya a ƙirjin mijinta tana jiran kowane numfashi. Da ya fara daɗewa bai zo ba, ta ajiye kunyar Garba gefe, ta toshe masa hanci ta haɗa bakinta da nasa tana hurawa. Ta hura har kanta ya fara juyawa. Wani lokaci ya amsa, wani lokaci shiru. Sun hango tankin ruwan Filinge ke nan ta ji ƙirjin ya tsaya a ƙarƙashin hannunta. Ba ta gaya wa Garba ba, ta ci gaba da hurawa har ƙofar asibiti.

Habsa ta fito da gudu da allurar a hannu. Ta yi masa, ta danna ƙirji, ta sake dannawa, ta saurara. Daga baya ta ja mayafin Basiratu ta rufe masa fuska. Basiratu ta tambaye ta ko da sun zo da wuri da ya tashi.

"Allah kaɗai ya sani," Habsa ta ce. "Amma allurar tana nan tun safe."

A hanyar komawa da gawar ne Garba ya gaya mata sauran. Baushe ya zuba ƙwayar a tukunyar shayin gayya don kowa ya ji ƙarfi, sannan ya ƙara uku a kofin Nafi'u shi kaɗai, ya ce kada ɗan gida ya ba su kunya. Garba ya ce da idonsa ya gani, shi ma ya sha shayin, bai ce komai ba.

Ran sadakar uku gidan ya cika. A waje Baushe na karɓar gaisuwar maza, yana cewa zazzaɓin damina ne ya hau masa kai, kwana ya ƙare. A ciki Inna Tambara na gaya wa mata cewa Doguwa ce ba ta karɓi akuyar ba. Gida ɗaya, gawa ɗaya, labari biyu, kuma kowanne an zaɓe shi ne don ya kare mai faɗarsa. Basiratu na zaune a kusurwar ɗaki cikin takaba, kai a lulluɓe. Aikin mai takaba ta sunkuyar da kai, in an ce ya haƙuri ta ce da godiya. Haka ta yi kwana biyu, baƙin ciki na cin ta, har da haushin kanta da ya fi na kowa.

Wata tsohuwa daga Damana ta ce Allah sarki, yaro da ƙarfinsa, me ya same shi haka farat ɗaya? Inna Tambara ta fara labarin akuya. Basiratu ta janye lulluɓin daga fuskarta.

"Ba iska ta ba, kuma ba zazzaɓi na ba. Taramol na. Ya sha nashi da sahe. Yaya ya sa mashi uku cikin shayi. Inna ta sa mashi cikin hura. Ni na gani, ni na ɗauki ƙwaryar na kai mashi. Ya kwanta shina mutuwa, anka ce barci na."

Inna Tambara ta dafe ƙirji.

"Ki ji tsoron Allah, Basira. Ɗana na, ni na haihe shi."

"Ɗanki na, Inna. Ban ce kin ƙi shi ba."

Gaskiya ta faɗa, kuma nan ne ciwon yake. Ba wanda ya ƙi Nafi'u a gidan Ɗanjimma. Yayansa yana son sa, yana kuma son teburinsa da sunansa a masallaci. Uwarsa tana son sa, tana kuma son a ce gidanta ba abin faɗa. Kowa ya ɗora abin da yake so a bayan yaron, ya ba shi ƙwayar da za ta hana shi jin nauyin, sannan da ya ce ya gaji aka ce ya bari a gama maimai. Ana yi wa samari faɗa a kan mumbari cewa sun lalace da shaye-shaye, amma ba a cika tambayar hannun da ya fara murƙushe musu ita a fura ba, domin sau da yawa mai hannun yana zaune a sahun gaba yana gyaɗa kai.

Matan suka fara kallon juna, wasu suka fara kallon ƙasa. Wata ta ce a yi haƙuri, zafin rashi ne ke sa ta magana. Wata ta ja lulluɓin za ta mayar mata, Basiratu ta riƙe hannunta, ta ci gaba. Ta faɗa musu yadda minsharin yake, da launin leɓɓan, da abin da nono ya yi masa, da cewa a Filinge ana rage wa mutum ita a hankali har ya rabu da ita. Ta faɗa da ƙarfi yadda na bakin ƙofa za su ji. Ta san bayan takaba ba ta da sauran zama a gidan nan, ta kuma san sunan da za su sa mata.

Ba ta kai ƙarshe ba Hassana ta miƙe, ba sallama, ba addu'a, ta ratsa matan ta fice. Garba zai koma gona bayan an shafa fatiha, kuma furarsa na can gida a rufe, ta riga ta dama masa ita da safe, da ƙwayar a ciki, yadda ya saba.